Zama da Sinawa: Yadda ma'aikacin Najeriya ke sake koyon rayuwa a Ƙasar Sin

Duk baƙon da ya isa Ƙasar Sin ya kama gidan haya, ko ya sauka a wurin wani aboki, yana da awa 24 kacal ya kai kansa ofishin 'yan sanda na unguwar, da fasfo da takardar gidan a hannu, ya yi rajistar inda zai kwana. Wanda ya sauka a otal ya huta da wannan, domin otal ɗin ne ke yi masa. Sharaɗin yana cikin dokar shige da fice da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2013, kuma tarar wanda ya yi sakaci tana iya kaiwa yuan 2,000. Tarar ma da sauƙi. 'Yar takardar da ake ba mutum bayan rajistar ita za a nema a wurinsa ranar da ya je karɓar izinin zama, kuma duk lokacin da ya sauya gida sai ya koma ya karɓi sabuwa.

A nan ne ma'aikacin da ya taso daga Abuja ke fara gane cewa ya shigo wata duniya. A Sakatariyar Tarayya ya saba da cewa in fayil ya maƙale akwai wanda za a kira, akwai "a yi haƙuri" da ke buɗe ƙofa, akwai kuma gobe. A Sin ma sanayya tana aiki, har suna da sunan da suke kiranta da shi, wato guanxi. Sai dai tana da muhallinta. Ba ta da tasiri a gaban tagar jami'in shige da fice, kuma na'urar da ke duba fasfo a tashar jirgin ƙasa ba ta san ɗan kowa ba. Yawancin wahalar watannin farko tana zuwa ne daga kasa bambance ƙofar da takarda ke buɗewa da wadda mutunci ke buɗewa.

Maganar kuwa ta wuce ta 'yan kasuwar Kantin Kwari da Alaba masu sarin kaya a Guangzhou da Yiwu. Najeriya da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci tun ranar 10 ga Fabrairu, 1971, kuma a ziyarar da Shugaba Bola Tinubu ya kai Beijing a watan Satumban 2024 an ƙara ɗaga matsayin dangantakar. Bayan ofishin jakadanci na Beijing, Najeriya na da ƙananan ofisoshi a Shanghai da Guangzhou. Ma'aikatan ma'aikatu da hukumomin tarayya na tafiya kwas na makonni ko karatun shekaru, wasu kuma kamfanoni da makarantu ne ke ɗaukar su aiki. Hausawa ma sun daɗe a wannan hanya: Sashen Hausa na gidan rediyon Ƙasar Sin ya fara watsa shirye-shirye a 1963, kuma ma'aikata daga Najeriya da Nijar sun zauna a Beijing suna aiki tare da Sinawa masu jin Hausa, waɗanda da yawansu ke amsa sunayen Hausawa.

Jami'an diflomasiyya suna da tasu hanyar ta ma'aikatar harkokin wajen Sin. Sauran masu zuwa aiki kuwa da biza mai harafin Z suke shiga, kuma cikin kwana 30 dole su nemi izinin zama, bayan gwajin lafiya. Tun 2017 an kasa izinin aiki gida uku, A da B da C, gwargwadon ilimi da ƙwarewa. Izinin yana ɗaure ne da wanda ya ɗauki mutum aiki, saboda haka 'yar koyarwar Turanci ta bayan fage da wasu ke yi don ƙarin kuɗin cefane laifi ce. Wanda takardunsa suka ƙare ya ci gaba da zama, tararsa yuan 500 ce a kowace rana har zuwa 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15.

Waya ita ce aljihu

Bayan takarda sai waya. A manyan biranen Sin da wuya a ga mai ƙirga kuɗi a hannu. Mai sayar da 'ya'yan itace a bakin titi yana da ɗan zane mai ɗigo-ɗigo da ya liƙa a jikin kekensa, mai saye ya ɗauke shi da kyamarar waya, kuɗi ya tafi ta WeChat ko Alipay. Da waya ake kiran tasi, da ita ake yin odar abinci, da ita ake yankan tikitin jirgin ƙasa da kama layin ganin likita. Layin wayar kansa sai da fasfo ake saye. A da baƙo ba ya iya amfani da waɗannan manhajoji sai ya buɗe asusu a bankin Sin, amma tun 2023 an sassauta, ana iya haɗa su da katin Visa ko Mastercard na waje. Duk da haka mai ɗaukar albashi a can ba shi da makawa sai asusun gida, kuma ranar da zai aika wa iyali kuɗi banki zai nemi takardar kwantiraginsa da shaidar biyan haraji.

Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne shirun da ke biyo bayan sauka. WhatsApp da Facebook da YouTube da Google duk a toshe suke. Mutumin da rayuwarsa ta rataya a kan zauren WhatsApp na dangi da na ofis sai ya wayi gari kamar an ɗauke shi daga cikin jama'a. Layin Najeriya da aka buɗe don amfani a waje yakan tsallake shingen, amma da tsada. Masu dabara kan sa matansu da iyayensu su sauke WeChat tun kafin su tashi daga gida. Sai kuma bambancin lokaci: Sin tana gaban Najeriya da awa 7. Lokacin da yara suka dawo daga Islamiyya a Kubwa ko Nyanya, uban da ke Beijing ya kai tsakar dare, ga shi da safe zai fita aiki.

Abinci kuwa, ga Musulmi, lamari ne da ba a yi masa gaggawa. Naman alade shi ne naman yau da kullum a mafi yawan Sin, har ta kai in an rubuta "nama" kawai a jerin abinci ba tare da an faɗi na wace dabba ba, to shi ake nufi. Ko farantin ganye ana iya soya shi da kitsensa. Mafita tana cikin haruffa biyu, 清真, waɗanda ake karantawa qingzhen, ma'ana halal. Haddace siffarsu ya zama dole, musamman da yake tun 2019 hukumomi sun sa an cire rubutun Larabci daga allunan gidajen abinci da dama a Beijing. Shagunan taliyar Lanzhou da Musulmi 'yan ƙabilar Hui ke gudanarwa sun bazu a kusan kowane birni, kuma kwanon taliyar da ake ja da hannu, da romon naman sa da barkono, ya raya baƙi da yawa kafin su gano kasuwa. Wanda ya yi guzurin kilishi ko dambun nama daga gida kuwa ya yi wa jami'an kwastan ne, domin an hana shiga da nama. Haka nan karɓar saƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba a filin jirgi ganganci ne: a Sin, safarar miyagun ƙwayoyi tana iya kai mutum ga hukuncin kisa.

Sauran ƙananan abubuwa da kansu suke shiga jiki. Ruwan zafi ake sha ko a tsakiyar bazara. Abincin rana tun kafin ƙarfe 12 ake fara shi, bayansa kuma a ofisoshi da yawa sai a rage fitilu kowa ya kifa kai a tebur ya ɗan runtsa. Bayin tsugunno ba baƙon abu ba ne ga ɗan Najeriya, amma buta sai mutum ya tanadi tasa.

Juma'a ranar aiki ce cikakkiya, kuma Sallah ba ta cikin ranakun hutu na ƙasa baki ɗaya. Masallatai dai suna nan, wasu ma tsofaffi ne ƙwarai. Na Niujie da ke Beijing ana danganta kafa shi da shekarar 996. A Guangzhou akwai na Huaisheng, akwai kuma hubbaren da mutanen garin ke cewa na Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne, kodayake littattafan tarihin Musulunci sun ce a Madina aka binne shi. A masallacin da ke wurin ne baƙi daga Afirka da ƙasashen Larabawa ke cika maƙil ranar Juma'a. Ma'aikacin da ke son fita sallah ya fi kyau ya daidaita da shugabansa tun makon farko, a keɓe, ya kuma nuna yadda zai rama lokacin.

Inda takarda ba ta aiki

Wannan kalma ta "a keɓe" ita ce mabuɗin ofishin Sinawa. Suna da abin da suke kira mianzi, a zahiri fuska, a ma'ana kuwa girma da mutuncin mutum a idon jama'a. Bahaushe bai kamata ya sha wuyar gane shi ba, domin ɗan uwan kara ne da kunya. Amma ma'aikacin da ya goge da zafafan muhawarorin taron kwamiti a Abuja yakan manta. Ya miƙe a gaban kowa ya gyara wa shugaba kuskure, yana ganin ya nuna ƙwazo. Ba wanda zai ce masa uffan. Sai dai daga ranar ya lura an daina gayyatarsa wasu zama.

Haka ma "a'a" ba ta cika fitowa tsirara ba. In aka ce za a duba, ko aka ce abin yana da ɗan wuya, sau da yawa an riga an rufe magana. Wanda ya ci gaba da bibiya kamar mai bin fayil ɗin alawus ya takura wa mutanen da ke ganin sun riga sun ba shi amsa cikin ladabi. A gefe guda kuma, alƙawarin lokaci ba ya karɓar uzuri. Taron ƙarfe 9 ƙarfe 9 ne, kuma saƙon aiki yana iya shigowa WeChat da dare ana jiran amsa. Tsarin nan da ake kira 996, wato aiki daga 9 na safe zuwa 9 na dare kwana 6 a mako, Kotun Ƙolin Sin ta ce ya saɓa wa doka a 2021, amma ɗabi'ar daɗewa a ofis ba ta gushe ba.

Sunan dangi shi ke zuwa farko, kuma da shi ake haɗa muƙami a kira mutum. Katin suna da hannu biyu ake miƙa shi, da hannu biyu ake karɓa, a duba shi kafin a adana. Amana kuwa a teburin liyafa ake ƙulla ta, inda ake zagayawa da wata barasa mai ƙarfi, baijiu, ana cewa ganbei, wato a shanye kofi. Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya ka nemi tsumma ka ɗaura, amma karin maganar yana da iyaka, kuma Sinawa da kansu sun bar ƙofa: al'adarsu ta yarda mutum ya ɗaga kofin shayi a madadin giya. Wanda ya faɗi tun farkon zama cewa addininsa ya hana shi, ya kuma tashi ya gaisa da kowa da shayinsa, ba ya rasa komai. Mai kame-kame, yau ya ce ciwon ciki gobe ya ce magani yake sha, shi ake ta matsa wa.

Harshe yana da wuya, ba a musu, musamman rubutun. Amma mai jin Hausa yana da wata riba da Bature ba shi da ita. Sinancin Mandarin yana da karin sauti 4, inda gaɓar "ma" ke iya zama uwa ko doki gwargwadon hawa da saukar murya. Kunnen da ya saba raba kukan yaro da kukar miya ya riga ya san wannan aiki. A Guangzhou dai harshen Kantonis ne na 'yan gari, kodayake Mandarin na biyan buƙata.

Akwai abin da koyon harshe ba ya magancewa. Baƙar fata tana jan ido, musamman a ƙananan garuruwa. Za a kalli mutum, a ɗauke shi hoto ba izini, yaro ya nuna shi da yatsa. Galibi son sani ne, amma ba kullum ba. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou, wasu suka kwana a titi. Hotunan sun tayar da ƙura a Najeriya, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira Jakadan Sin, Zhou Pingjian, ya nuna masa bidiyon ya nemi bayani. Gwamnatin Sin ta ce ba ta da manufar wariya, ta kuma yi alƙawarin gyara. Mazauna can ba su manta ba, kuma har yanzu mai neman gida yakan so abokin aiki Basine ya raka shi wurin mai gida.

Sanyi kuma yana da nasa tsarin mulki. A Beijing ana kunna ɗumama gidaje na bai-ɗaya daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Maris, saboda haka makonnin da suka gabaci ranar kunnawa sukan fi gallabar baƙo a cikin ɗaki. A Shanghai da sauran biranen kudu babu wannan tsari, kowa tasa ta fishshe shi.

Ranar 1 ga Oktoba, da Najeriya ke bikin samun 'yancin kai, ita ce kuma ranar kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin, kuma hutun mako guda ake yi. Sai dai ana rama wani ɓangarensa da aiki a Asabar ko Lahadi, abin da ke ba sabon zuwa mamaki. Babban hutu shi ne na sabuwar shekarar gargajiya, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, lokacin da miliyoyin mutane ke komawa garuruwansu kamar yadda Abuja ke zama fayau a Babbar Sallah. Shaguna da yawa a rufe, tikitin jirgi ya yi wuya, ofis ya watse. A wannan mako ne kewar gida ta fi kama baƙo, kuma a cikinsa ne, in ya yi sa'a, wani abokin aiki zai gayyace shi gida cin abincin jajibere. Wanda aka yi wa wannan karamci yakan sanar da masu gida tun da wuri abin da ba ya ci, ya riƙo kwandon lemu ko tuffa, ya guji kyautar agogo domin lafazinta ya yi kama da na rakiyar gawa. Yaran gidan kuma a saka musu sababbin takardun kuɗi a jar ambulan, a kauce wa adadin da ke da lamba 4.