Rijiyar Kusugu da Masu Ɗibar Ruwanta

A cikin birnin Daura akwai wata rijiya, Kusugu, wadda ba ta rabuwa da baƙi. Masu tarihi sun ce a zamanin Magajiya Daurama wani maciji mai suna Sarki ya tare ta, ba a ɗibar ruwa sai ran Jumma'a. Ana nan sai Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare, ya nemi ruwa aka ce babu, ya tafi ya sare kan macijin.

Yau an gina mata ɗaki. Falke ya taso tun daga Narayi ta Kaduna, in ya sayar da hajarsa sai ya biya, ya sha, ya cika gora don majinyacinsa. Haka Hindu ke yi a ƙasar Indiya: su je Banaras su yi wanka a kogin Ganga domin kankare zunubi, su ɗebo ruwan a tulun tagulla. To, su addininsu ne ya ba kogin wannan daraja. Kusugu kuwa labari ne ya ba ta, gama rijiyar da hadisi ya yi wa shaidar albarka Zamzam ce. Malamai suna faɗa, mai gora yana ji, amma ya baro mara lafiya kwance a gida.