Yadda Ake Shirin Shiga I'itikafi a Bici

I'itikafi shi ne mutum ya tare a masallaci domin ibada zalla, galibi a goman ƙarshe na Ramadan. A mazhabar Malikiyya, wadda mutanen Bici ke bi, sai da azumi yake inganta, kuma mafi ƙarancinsa yini da dare. Wanda zai yi kwana 10 sai ya zaɓi masallacin Juma'a, ya shiga kafin faɗuwar rana a ranar 20 ga wata.

Shiri daga gida yake farawa. Magidanci ya auna wa iyali hatsi, ya bar kuɗin cefane, ya damƙa dabbobi da ban-ruwan lambu a hannun ɗa ko ƙane, domin ba a fita sai don larura kamar kewayawa.

Jiki ma yana da hakki. A rage cin mai nauyi, a saba da tsayuwar dare tun farkon wata, a tanadi tabarma, buta da gidan sauro. Mai ciwon suga ko hawan jini ya fara ganin likita.

Sai gyaran zuciya: a biya bashi, a nemi gafarar wanda aka ɓata wa, a ajiye waya, a tsarkake niyya saboda Allah kaɗai.