Hayar mota zuwa Dutsen Nur a Makka

Kowace shekara dubban ƴan Nijar na tafiya Makka, waɗansu aikin hajji, waɗansu umara. Kafin ranar Arfa, alhazai na samun kwanaki na zaman jira. Cikin kwanakin nan ne da yawa ke haɗa kuɗi, su ɗauki hayar mota, su tafi ziyarar Dutsen Nur. Tafiyar wuni guda ce, ko ma rabin wuni. Amma tana son shiri. Wanda ya tafi ba shiri yana iya hasarar kuɗinsa, ko ya ɓace, ko ya karya jikinsa tun bai yi aikin da ya kai shi ba.

Mine ne Dutsen Nur?

Larabawa na ce masa Jabal Nur, watau dutsen haske. Yana arewa maso gabas da masallacin Harami. Tsakaninsu wajen kilometir 5 ne. Kusa da ƙwanƙolinsa akwai kogon Hira. A cikin kogon nan ne Annabi Muhammadu (S.A.W.) ke kaɗaita. A nan ne Mala'ika Jibrilu ya zo masa da wahayi na farko, cikin watan azumi, a shekara ta 610. Ayoyi 5 na farkon suratul Alaƙ ne suka sauka.

Kogon ƙarami ne ƙwarai. Tsawonsa bai cika metir 4 ba, faɗinsa bai cika metir 2 ba. Mutum 2 ko 3 sun cika shi. Shi ya sa ake cunkoso a bakinsa.

Dutsen kuwa dogo ne. Daga bakin teku, tsayinsa wajen metir 640 ne. Abin da mutum ke hawa da ƙafa ya fi metir 250. Hasumiyar masallacin Agadas metir 27 ce. Ke nan hawan ya yi kamar a aza hasumiyar kusan 10, wata bisa wata. Matakalu sun fi 1000. Mai ƙarfi na yin awa 1 kafin ya kai sama. Dattijo na iya yin awa 2 ko fiye.

A shekara ta 2023 aka buɗe wani wuri a gindin dutsen, inda ake nuna tarihin saukar wahayi. Akwai inuwa, da wurin zama, da wurin cin abinci. Wanda bai iya hawa ba yana iya zama nan, ya ga dutsen da idonsa.

Domi ake hayar mota?

Motar haya ta jama'a tana da sauƙin kuɗi, amma ba ta jiran kowa. Motar da mutane suka ɗauka su kaɗai tana zuwa har ƙofar masauki. Tana tsayawa inda suke so, tana jiransu, ta maido su. Wannan ya fi ga tsofaffi da mata, da wanda bai jin Larabci.

Galibi ƙaramar mota ce irin Toyota Hiace, wadda kowa ya sani a tashoshin Maraɗi da Damagaram da Tawa. A can ba a cusa mutane kamar buhunna. Kowa da kujerarsa.

Direbobi sun saba haɗa wurare da dama cikin tafiya guda. Suna bi ta gindin Dutsen Saur, kudu da Makka, inda Annabi (S.A.W.) da Sayyidina Abubakar suka ɓuya kwana 3 lokacin Hijira, a shekara ta 622. Suna kai mutane filin Arfa, wajen kilometir 20 daga Makka. Daga nan su biyo ta Muzdalifa da Mina, su ƙare da Dutsen Nur. Wannan na da amfani: alhaji ya ga wuraren da zai yi aiki tun babu taro. Amma in ranakun hajji suka matso, hukuma na hana ƙananan motoci shiga Mina da Arfa da Muzdalifa. Saboda haka ziyarar tun da wuri ake yin ta, ko kuwa bayan an ƙare hajji.

Ƙaƙa ake shirya magana da direba?

Ciniki a ƙasa ake ƙare shi, ba cikin mota ba. Abu 4 ya kamata a daidaita:

1. Kuɗi. Na motar duka ne, ko na kowane mutum? Nan ne rigima ta fi tasowa.
2. Wurare. A lissafa su ɗaya bayan ɗaya.
3. Jira. Direba zai jira masu hawan dutse? Awa nawa? Wani direba na nufin a tsaya a duba daga ƙasa, a wuce. Masu hawa na bukatar awa 3 ko 4, hawa da saukowa.
4. Biya. Kar a biya duka tun farko. Sauran kuɗi sai an komo masauki.

Ga misalin lissafi. A ce direba ya yarda da riyal 300. Matafiya su 10 ne. A raba 300 gida 10: kowa riyal 30. In mutum 4 suka fasa, saura 6, kowa zai biya riyal 50. Ke nan yawan abokai na rage kuɗi. Kafin a yarda, a tambayi canjin ranar, a maida kuɗin sefa, don kowa ya san abin da ya fita aljihunsa.

Ya fi kyau a nemi mota ta hannun jagoran ayari ko masu masauki. A Makka akwai Hausawa mazauna da yawa, ana samun tafinta. Kuma a sanar da jagora kafin a fita.

Amfanin karatu a wannan tafiya

A gindin dutsen motoci na da yawa, kuma farare sun fi yawa. Duk kama ɗaya gare su. Lambar motocin Saudiya iri 2 ce a rubuce: ta Larabci da ta boko. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana iya rubuta lambar a takarda. Ya rubuta lambar wayar direba, da sunan masauki, da kuɗin da aka yanka. Kowane matafiyi ya riƙe takarda tasa cikin aljihu. Katin Nusuk na alhaji kuwa ya zauna a wuya kullum. In wani abu ya faru, lambar neman agaji a Makka ita ce 911.

A ƙidaya mutane kafin mota ta tashi, a kowane zango. A naɗa mutum guda ya zama shi ke ƙidaya.

Wa ya kamata ya hau, wa bai kamata ba?

Shika-shikan hajji 4 ne: harama, ɗawafi, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, da tsayuwar Arfa. Hawan Dutsen Nur ba ya cikinsu. Ba ya cikin aikin umara. Wanda bai hau ba, hajjinsa bai ragu da komi ba.

Zafin Makka ba na wasa ba ne. A hajjin shekara ta 2024, zafi ya wuce digiri 51. Hukumar Saudiya ta ce mutum 1301 suka rasu, da yawa saboda doguwar tafiya cikin rana. Dutsen Nur ba shi da inuwa sosai, mota kuma ba ta kaiwa kogon.

Don haka tsoho tukuf, da mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko ciwon sukari, da mace mai ciki, da mai ciwon gwiwa, su tsaya ƙasa. Ba abin kunya ba ne. Ƙarfin da ya rage musu na Arfa ne da jifa.

Masu lafiya da za su hau su kiyaye waɗannan:

– Su hau da sanyin asuba ko bayan la'asar, ban da tsakar rana.
– Kowa ya ɗauki ruwa mai yawa, ya sha tun bai ji ƙishirwa ba.
– A sa takalmi mai kama ƙafa, a riƙe lema da tocila.
– A yi ta hutawa. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai ya zauna, ya sauko in ya farfaɗo.
– Akwai birai bisa dutsen, suna fizgar abinci. A rufe jaka.
– Kar a ture kowa a bakin kogo. Kar a yi rubutu jikin dutse, kar a zubar da shara.
– Kar mutum ya hau shi kaɗai.

Saukowa ma sai da hankali, domin lokacin ƙafafu sun gaji.

Manomi na iya yin shekaru yana tara kuɗin kujerar Makka, wani har ya sayar da shanu. Bai kamata wuni guda ya ɓata masa wannan wahala ba. Masu niyya su riƙe wannan bayani. Waɗanda suka iya karatu su karanta wa iyayensu da maƙwabtansu kafin su tashi.

Allah ya kai su lafiya, ya maido su lafiya, ya karɓi ibadarsu. Amin.