Wanke hanjin yaro kafin likita ya leƙa shi da kyamara

Idan yaro ya daɗe yana kashi da jini, an sha maganin atuni da na tsutsar ciki abin bai tsaya ba, likita kan ce sai an leƙa babban hanjinsa. Wannan aikin shi ake kira kolonoskofi. Ana sa yaron barci da allura, a zura siririn bututu mai kyamara da fitila ta dubura, a bi hanjin lungu-lungu. Sau da yawa abin da ake tararwa a jikin ƙananan yara ɗan tsiro ne a bangon hanji, wanda a gida an daɗe ana ce masa basir, kuma nan take ake cire shi. Wani lokaci gyambon hanji ne irin na cutar Crohn.

Sai dai kyamara ba ta gani ta cikin kashi. Shi ya sa rabin aikin a gida ake yin sa, kuma yawanci a hannun uwa yake.

Tun saura mako guda ake dakatar da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, domin yana baƙanta kashi ya manne wa hanji. Saura kwana biyu ko uku, a janye wake, zogale, gyaɗa, riɗi da gwaiba. Ranar jajibiri kuwa sai ruwa garai-garai, kuma a nan ake yawan samun kuskure. Kunu, koko, fura da nono duk sha ake yi, amma a wurin hanji abinci ne. Abin da aka zuba a kofin gilashi aka hango gindin kofin, shi ne aka yarda: shayi ba madara, romon kaza da aka tace, lemun tuffa, ruwan gishiri da sukari. A riƙa haɗawa da mai zaƙi, don kada sukarin jinin yaron ya faɗi. Zoɓo kam a bar shi, duk da shi ma garai-garai ne, saboda jansa na iya rikita likita ya ɗauka jini ne.

Maganin wankin da aka fi ba yara shi ne garin PEG, irin su Movicol, wanda ke riƙe ruwa a cikin hanji har ya kwashe komai, ko kuma sodiyam fikosalfet. Da nauyin yaro ake auna shi, ba da ido ba. Asibitoci da dama na raba shi biyu, kashi ɗaya da yamma, ɗaya da asuba. Ba shi da daɗi, amma in an sanyaya shi ana ba yaro kurɓi-kurɓi, yakan shiga. Wanda ya kasa sha sam, akan kwantar da shi a ba shi ta bututun hanci.

Kada wani ya ce zai taimaka da filasko ko kanwa, ko ya saya wa yaro maganin wanki a kemis. Ko maganin wanki na sodiyam fosfet, tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa yana iya lalata ƙoda, kuma likitocin yara sun guje shi.

A ganina babban abokin gabar wannan shiri tausayi ne. Yaro na kukan yunwa, kaka ta ce, "Haba, a ba shi ko ludayi ɗaya mana." Ludayin nan na iya sa a ɗage aikin, a sake wanki, a sake allurar barci, a sake biyan kuɗi.

Alamar hanji ya wanku ita ce kashin ya koma ruwa tsararo mai ɗan rawaya kamar fitsari. Idan amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ɗauke, ko yaron ya yi laushi, a tafi asibiti ba jiran safiya. Ruwan sha ma akan tsayar da shi kamar awa 2 kafin allurar barci. In kuwa yaron ya saci abinci ya ci, iyaye ku faɗa wa likita gaskiya tun kafin a shiga da shi.