Zarton Inji Mai Auna Wa Kansa Mai, da Inda Cutarsa Ke Ɓuya

Zarton inji irin na da yana da ƙusoshi uku a jikin kafiretarsa. Makaniki ke murɗa su, yana kasa kunne, har kukan inji ya daidaita. Sa'an nan kamfanin Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin suka fito da wanda ke auna wa kansa mai. Na farko sun kira hikimarsu M-Tronic, na biyu AutoTune. Ba batir a ciki, maganaɗisun faifan da ke juyawa shi ke ba da wuta. Wata 'yar kwamfuta tana lura da gudun inji, tana umartar wani ƙaramin bawul, watau solanoyid, ya buɗe ya rufe hanyar mai sau da yawa cikin daƙiƙa guda.

To, da zarar zarto ya ƙi tashi, ko ya riƙa mutuwa in an saki maƙura, sai kowa ya ɗora wa solanoyid laifi. Lalle yakan lalace. Ƙasa da tsatsa da ke cikin fetur, balle na kwalba da ake saye a bakin hanya, suna cin bakinsa har ya kasa rufewa sosai, mai ya yi yawa, a kwance fulogi a tarar da shi jiƙe sharkaf. In an sake shi, a sake matacin mai na cikin tanki tare, in ba haka ba sabon ma ba zai daɗe ba.

Amma abin tsoro yana wani wuri dabam. Kadan robar da ke toshe gindin inji ta tsufa, ko wuyan roba na tsakanin kafireta da silinda ya tsage, iska za ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya. Tsohon zarto nan da nan yakan tona kansa da ƙara. Wannan kuwa, kwamfutarsa sai ta yi ta ƙara mai tana rufe aibin, mai shi yana murna, har ranar da iyakarta ta ƙare, zafi ya yi yawa, fistin ya ƙuje. Kuɗin gyaran nan ya ninka na solanoyid nesa ba kusa ba. Saboda haka makaniki mai hankali yakan toshe mashigar inji da mafitarsa, ya hura iska kamar rabin ba na ma'aunin matsi, kana ya zuƙe ta, ya ga ko allura za ta tsaya. Wanda ya tsallake wannan gwaji ya sayi solanoyid, canki-canki ya yi da kuɗin mai kaya.

Kafin duk wannan akwai na sauƙi: fetur sabo, gauraye da man inji kashi 1 cikin 50, da matacin iska, da ragar salansa wadda hayaƙi kan toshe, da wayar da ta zo wa solanoyid, domin girgiza takan tsinka ta.

In an gama gyara, dole a bar inji ya sake koyon ma'auninsa. Na Husqvarna, bayan ya ɗumama, a yi ta yanka gungume mai kauri da cikakkiyar wuta kamar minti 3 zuwa 5. Na Stihl kowane ƙira da ƙa'idarsa, sai a bi littafin da ya zo da shi.