Kafin a ɗora tankin ruwa a gida: Yadda ake zaɓen wuri da zuba harsashi a Tambuwal da Kebbe

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ke nan tankin roba mai cin lita 2,000, irin wanda ake gani a gidajen 'yan kasuwa da ma'aikata, idan ya cika yakan kai tan biyu, daidai da buhunan siminti 40. Babu magidancin da zai yarda a jibge masa buhu 40 a kan rufin ɗakin da 'ya'yansa ke kwana, amma da yawa sukan ɗora tanki a irin wannan wuri ba tare da wani lissafi ba, domin ranar da aka kawo shi fanko mutum biyu ne suka ɗauke shi.

A garuruwan Tambuwal, Dogon Daji, Sanyinna, Kebbe da Kuchi, kamar sauran sassan kudancin Jihar Sakkwato, wanda ya samu hali yakan haƙa rijiyar burtsatse ko ya sa injin a rijiyar gida, sannan ya nemi inda zai tara ruwan. Kuɗin tanki da na famfo su ake fara tambaya. Abin da zai riƙe tankin shi ake bari a ƙarshe, alhali shi ne ke yanke hukuncin ko aikin zai shekara ashirin ko zai rushe a damina ta biyu.

A fara da sanin ƙasar gidan

Ƙasar wannan yanki ba iri ɗaya ba ce. A kan tudu akan samu jigawa mai rairayi, a wasu wurare kuma marmara mai tauri. A kusa da fadama, musamman ta Gulbin Zamfara da ke ratsa yankin Kebbe kafin ya nufi Jega, laka ce ta fi yawa. Marmara ta fi kowace ɗaukar nauyi. Rairayi ma yana ɗauka idan an daddaɓe shi kuma ruwa ba ya kwashe shi daga gefe. Laka ita ce mai yaudara: da rani takan bushe ta yi tauri har ta tsattsage, da damina kuma ta sha ruwa ta kumbura ta yi laushi. Harsashin da aka zuba a kanta a watan Maris zai yi kamar ya zauna daram, sai ruwan Agusta ya sauka a ga gefe ɗaya ya fara nutsewa.

Hanya mafi sauƙi ta sanin ƙasa ita ce a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a daidai wurin da ake so. A jiƙa ƙasar da aka fito da ita a murza a tafin hannu. Idan ta miƙe kamar igiya ba ta karye ba, laka ce. Idan ta wargaje, rairayi ya rinjaya. Idan kuma aka ci karo da tsumma, leda, toka ko fasassun tukwane, to wurin tsohon juji ne ko kududdufin da aka cike. A tsofaffin unguwanni irin wannan ya yi yawa, domin ramukan da aka haƙi ƙasar gini daga cikinsu ne aka cike da shara aka yi gidaje a kai. Irin wannan ƙasa takan ci gaba da lotsawa shekara da shekaru, don haka ko dai a sauya wuri, ko a haƙa har a isa ƙasa ta asali.

Wuraren da ya kamata a guje wa

Na farko shi ne kusa da masai, ko tsohuwa ko sabuwa, da ramin da ke tara ruwan wanka. Ƙasar gefensu kullum a jiƙe take, kuma bakin ramin na iya zaftarewa idan aka ɗora masa nauyi. Idan matattarar ruwan ta cikin ƙasa ce, haɗarin ya ƙaru, domin ƙazanta na iya tsatsafowa ta duk inda siminti ya tsage. Ma'aikatan lafiya kan ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma rijiyar ta kasance ta sama da gangare. Inda gida bai kai wannan faɗi ba, tankin sama ya fi matattarar ƙasa aminci.

Na biyu shi ne jikin katangar ƙasa. Tanki yakan yi ambaliya duk lokacin da aka manta ba a kashe injin ba, kuma ruwan da ke zuba a gindin katanga shi ke cinye ta. Idan katangar ta maƙwabci ce, an sayi rigima da kuɗin kai. Na uku shi ne ƙarƙashin wayar lantarki ko kusa da ita, domin dole wata rana wani ya hau wanke tankin, wataƙila riƙe da doguwar sanda ko bututun ƙarfe. Na huɗu, gindin manyan itatuwa irin su dogon yaro da mangwaro, waɗanda saiwarsu ke bin danshi har ta ɗaga kankare.

Akwai kuma batun mutunci. Wanda ya hau hasumiyar tanki mai tsawon mita biyar yana hango tsakar gidajen da ke kewaye. Kyautatawa ce a kafa ta a inda ba ta leƙa cikin gidan maƙwabta, a kuma sanar da su kafin mai gyara ya hau.

Me ya sa rufin ɗaki bai dace ba?

Injiniyoyi kan tsara daɓen bene na gidan zama ne don ya ɗauki nauyin mutane da kaya da ya kai kilo 150 zuwa 200 a kan kowace murabba'in mita. Tanki mai lita 2,000 kuwa yana tara nauyinsa a kan fili da bai kai murabba'in mita ɗaya da rabi ba, wato kusan kilo 1,400 a kan kowace mita. Wannan ya ninka abin da aka tsara har sau bakwai. Saboda haka ba a ɗora shi a kan bene sai injiniya mai rajista da hukumar COREN ya duba, ya nuna inda ginshiƙi yake. Rufin soro na azara da ƙasa kuwa ko kusa bai dace ba, domin ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya jiƙa shi ya ruɓar da azarar.

Wannan lissafi shi ne dai ke kan masu sayen babban bahon wanka na ruwan zafi, irin na manyan otal-otal, da wasu attajirai suka fara sawa a gidajensu. Mai ɗaukar mutum huɗu zuwa shida yakan ci ruwa wajen lita 1,500, idan aka haɗa da nauyinsa da na masu wanka ya doshi tan biyu. Shi ma daɓen kankare yake buƙata a ƙasa, da hanyar zubar da ruwa nesa da gini, da na'urar da ke katse wuta nan take idan lantarki ya taɓa ruwa.

Yadda ake zuba harsashin

Idan tankin a ƙasa zai zauna, a kwashe ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi, a zuba marmara ko tsakuwa a daddaɓe ta da kyau, sannan a zuba kankare mai kaurin santimita 15 da ragar rodi a tsakiya. Haɗin da aka saba shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Daɓe mai mita biyu tsawo da mita biyu faɗi zai ci siminti kimanin buhu huɗu. Ya zama ya fi gindin tankin faɗi ta kowane ɓangare, ya kuma ɗara ƙasar tsakar gida tudu don kada ruwan sama ya kwanta a kai. Gindin tankin roba yana son shimfiɗaɗɗen wuri mai santsi. Ɗora shi a kan bulo huɗu ko sandunan ƙarfe biyu shi ke sa ya lotsa ya fashe daga ƙasa.

Idan hasumiyar ƙarfe za a kafa, kowace ƙafa cikin huɗun za ta ɗauki fiye da rabin tan, don haka kowace tana buƙatar raminta da kankarenta, a haƙa har a taras da ƙasa mai tauri. A kan laka ya fi kyau a haɗe ƙafafun da daɓe guda don su zauna tare. Birkila ya auna daidaito da siririn tiyo mai ruwa kafin kankare ya kama. Dalili kuwa a fili yake: hasumiya mai faɗin mita biyu da tsawon mita shida, idan gefe ɗaya ya nutse da santimita biyu, samanta zai karkace da santimita shida, nauyin ya koma kan gefen da ya riga ya gaza. Mai walda ya sa ƙarafan gicciye a dukkan ɓangarori huɗu, a kuma ɗaure tankin, domin guguwar farkon damina da ke yaye kwanon rufi ba za ta bar tanki fanko ba.

Tsawo ma a yi shi da lissafi. Kowace mita goma ta tsawo tana ba da ƙarfin ruwa kusan ba ɗaya a ma'aunin masu famfo, kuma gida marar bene mita huɗu zuwa biyar sun ishe shi. Ƙarin tsawo ƙarin kuɗi ne da ƙarin dukan iska.

Haƙuri bayan zubi

Kankare yana yin ƙarfi ne ta hanyar riƙe danshi. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Sakkwato, da kuma busasshiyar iskar hunturu, ruwan jikinsa kan tsere da wuri ya bar shi da tsaga. A rufe shi da buhunan algarara ko tsumma, a riƙa jiƙawa safe da yamma na aƙalla kwana bakwai. Cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28, don haka kada a cika tankin washegarin zubi. Idan lokaci ya yi, a fara da rubu'i, a duba ko wani abu ya motsa, sannan a ƙara.

Daga nan sauran aikin na kulawa ne. A yi wa tankin rumfa don kada rana ta dafa ruwan ta kuma gasa robar. A rufe bakinsa ruf saboda sauro da ƙura, matattarar ƙasa kuma a sa mata murfi mai kwaɗo saboda yara. A ja bututun ambaliya zuwa lambatu ko gindin shuka nesa da harsashi. Bayan kowace damina a zagaya a duba tsaga a kankare da tsatsa a gindin ƙarafa. Buhu huɗu na siminti da wata guda na jira sun fi araha nesa ba kusa ba a kan sabon tanki, sabuwar katanga, ko jinyar wanda tan biyu na ruwa ya faɗo wa.