Na'ura da Dogaro da Kai Wajen Koyon Harshe

A wannan takarda muna so mu bambance abu biyu waɗanda aka cika gwama su, wato ɗalibi ya yi karatu shi kaɗai, da kuma ɗalibi ya dogara da kansa.

Bayan da Amurka ta kafa dokar ilmi ta 1958, wadda ta ware kuɗi don koyar da harsunan waje, makarantu da yawa sun gina ɗakunan koyon harshe da na'ura. Kowane ɗalibi da ɗan lungunsa, da rikoda, da abin sawa a kunne. Rikoda ta faɗi jimla, shi kuwa ya maimaita. To, shi kaɗai yake zaune, amma fa ba shi ya zaɓi jimlar ba, bai kuma san inda aka dosa da shi ba. Malami ne dai aka ɗure cikin faifai.

Wanda ya fayyace wannan al'amari shi ne Henri Holec, na cibiyar CRAPEL a Jami'ar Nansi ta ƙasar Faransa, cikin rahoton da ya rubuta a 1979, aka kuma buga shi littafi a 1981. A ganinsa, mai dogaro da kai shi ne wanda zai iya ɗaukar nauyin karatunsa: ya tsai da manufarsa, ya zaɓi abin da zai koya da hanyar da zai bi, ya tsara lokacinsa, sa'an nan ya auna kansa. Ba a haihuwar mutum da wannan iyawa, koyonta ake yi. Shi ya sa cibiyar ba ta tara faya-fayai ta bar ɗalibai da su ba, sai da ta haɗa su da mai ba da shawara, wanda aikinsa shi ne koya musu yadda ake koyo.

Idan muka auna manhajojin wayar hannu da wannan ma'auni, alal misali Duolingo wadda ta fito a 2012, za mu ga lokaci da wuri kam sun koma hannun ɗalibi, ba kuwa ƙaramin abu ba ne ga ma'aikaci ko matar aure. Amma jerin darussa da awon ci gaba suna hannun manhaja har yanzu. Ɗalibinmu na iya shekara yana tara maki, ranar da aka ce ya rubuta wasiƙar neman aiki da Faransanci ya rasa ta inda zai fara, domin ba a taɓa tambayarsa abin da yake son yi da harshen ba. Wannan tambaya kuwa, a ra'ayinmu, tun a makon farko ya kamata malami ya yi ta, kafin a kunna kowace na'ura.